Liman Ɗaya A Situdiyo: Tarihin 44,100 Da 48,000

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta a situdiyon waƙa, a Zoo Road ta Kano ne ko a wani ɗan ɗaki da aka liƙe bangonsa da soso a N'Djamena, ya san tambayar da manhaja ke fara yi kafin a ɗauki ko da tari: 44,100 ko 48,000? Yawancin ma'aikata ba sa tsayawa karantawa. Abin da suka tarar shi suke bari, su latsa, a ci gaba. Amma waɗannan lambobi biyu sun sha mayar da muryar dattijo ta saurayi, sun sha sa bakin jaruma ya riga waƙarta ƙarewa, sun kuma sha haɗa mai kiɗa da mai tace fim faɗa, kowa na rantsuwa cewa aiki lafiya lau ya bar hannunsa. Galibi kuma dukkansu gaskiya suke faɗa. Laifin na agogo ne. Kowace na'urar sauti tana da nata agogon a ciki, kuma babu agogo biyu da za su yi tafiya daidai wa daida in ba an ɗaure ɗaya a bayan ɗaya ba.

Matsalar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun ranar da aka ce hoton majigi ya yi magana ta bayyana. A 1927, lokacin da kamfanin Warner na Amurka ya fitar da fim ɗin The Jazz Singer, hoton yana kan zaren fim, muryar kuma tana kan faifan garmaho dabam. Mai haska fim zai saita allura a kan wata alama, ya saita zaren a kan tasa, ya tashe su tare. In zaren ya tsinke aka yanke hoto biyar aka liƙe, shi ke nan, baki da murya sun rabu har ƙarshen faifan, sai dai a cike gurbin da baƙin zare mai tsawon abin da aka yanke. Ba a daɗe ba aka koma buga sautin a gefen zaren fim ɗin kansa, gidajen silima suka huta. Amma a wurin ɗauka, kyamara dabam take, na'urar sauti dabam. Wannan allon da ake bugawa ƙas a gaban kyamara, wanda yaran lokeshan da yawa suka ɗauka adon sana'a ne, amfaninsa ke nan: a samu wuri ɗaya da ido da kunne suka yi ittifaƙi a kai.

Sai dai allo farkon tafiya kawai yake gyarawa. Mutum biyu suna iya tashi daga Kano tare a ƙafa, in ɗaya ya ɗan fi ɗaya faɗin taku, kafin Wudil sun rabu. Maganin da ya karɓu ya fito ne daga Suwizalan, inda Stefan Kudelski, haifaffen Poland, ya ƙera rikoda mai suna Nagra. Samfurinta na uku ya fito a 1958, a 1962 kuma aka ƙara mata dabarar da ta sa duniyar fim ta rungume ta. Waya ce ke tashi daga kyamara zuwa rikoda, kyamarar tana aiko wani ɗan sauti mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, gwargwadon gudun injinta, rikodar tana rubuta shi a kan tef tare da maganar mutane. In an koma ɗakin tacewa, injin da ke kwafe sautin sai ya riƙa bin wannan bugun: in kyamara ta yi sauri shi ma ya yi, in ta ja ƙafa ya ja. Wato an naɗa liman. Kyamara ce liman, rikoda mamu. Duk abin da ya biyo baya a wannan tarihi, har zuwa kwamfutar yau, wannan ƙa'ida ce ake sake yi wa riga.

Wannan zamani bai wuce ta bayan gidanmu ba. A Nijar, Bafaranshen nan Jean Rouch ya shafe shekaru yana ɗaukar finafinai, kuma mai riƙe masa sauti a yawancinsu ɗan ƙasa ne, Moussa Hamidou. A 1971 suka ɗauki Tourou et Bitti a garin Simiri, kusan minti 10 ba yanka, kyamara na yawo cikin makaɗa da masu rawar bori. Irin wannan ɗauka ba ta yafe kuskure. Hannun makaɗi yana sauka kan fata a gaban idonka, in sautin ya makara da ƙiftawar ido ma za ka gani.

To, da kwamfuta ta zo sai mutane suka zaci an rabu da wannan wahala, tunda babu zaren da zai miƙe, babu bel ɗin da zai saki. Ashe gida ta sauya kawai.

Kwamfuta ba ta jin sauti yadda kunne ke ji. Awo take yi. Makirufo yana mayar da motsin iska zuwa wutar lantarki mai hawa da sauka, sai na'urar da ake kira sawun-kad ta riƙa auna tsayin wannan wuta tana rubuta lamba, sau dubbai a kowace daƙiƙa. Lokacin saurare sai a karanto lambobin bi da bi, a sake gina motsin. Wani injiniya ɗan Ingila, Alec Reeves, shi ya yi rajistar dabarar a 1938 yana aiki a Faris, lissafinta kuma ya fito daga ayyukan Harry Nyquist da Claude Shannon na kamfanin wayar Bell. Ƙa'idarsu ita ce, yawan awon a daƙiƙa dole ya haura ninkin mafi siririn sautin da kake son kamawa. Kunnen yaro mai lafiya yana ji har sauti mai kaɗawa sau 20,000 a daƙiƙa, saboda haka waƙa tana bukatar awo fiye da 40,000. Wayar tarho, da ba ruwanta da daɗin murya, 8,000 ta ishe ta, shi ya sa muryar kowa a cikinta take kamar daga gwangwani.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, fayil ɗin sauti jerin lambobi ne zalla. Babu lokaci a cikinsa. Akwai dai ɗan rubutu a goshinsa da ke cewa a karanta ni sau kaza a daƙiƙa. In mai karantawa bai duba goshin ba, ko agogonsa ba ya tafiya daidai, lambobin ba su da bakin da za su yi ƙorafi.

Me ya sa 44,100, lamba mai kama da kuɗin cefane, ba 44,000 ko 45,000 ba? Amsar tana cikin kaset ɗin bidiyo. A ƙarshen shekarun 1970 babu faifan kwamfutar da zai ɗauke wannan tarin lambobi a farashin da situdiyo za ta iya, amma rikodar bidiyo ta U-matic tana iyawa. Sai kamfanin Sony ya ƙera wani akwati, PCM-1600, mai mayar da lambobin sauti zuwa ɗige-ɗigen fari da baƙi, ya yaudari rikodar ta ɗauka hoton talabijin ne. A tsarin talabijin na Turai, wanda Najeriya ta gada a matsayin PAL, Chadi da Nijar kuma suka gaji ɗan'uwansa SECAM na Faransa, ana zana rabin hoto sau 50 a daƙiƙa. Layuka 294 ne masu amfani a kowane rabi, aka cusa awo 3 a kowane layi. Buga 294 sau 50 sau 3, za ka samu 44,100. A tsarin Amurka da Japan kuwa layi 245 ne, sau 60, sau 3: 44,100 cif. Lamba ɗaya ce ta zauna wa ɓangarorin biyu. Su kuma 50 da 60 ɗin nan ba komai ba ne illa bugun wutar lantarkin gidaje a nahiyoyin biyu, wanda masu ƙera talabijin na farko suka jingina da shi. Da Sony da Philips suka zauna a 1980 suka tsara faifan CD, wanda ya shiga kasuwa a 1982, sai suka ɗauki lambar da injinan situdiyo suka riga suka saba da ita. Yau rikodar U-matic ta zama kayan gidan tarihi, amma lambarta tana nan tana mulki a kwamfutar yaron da bai taɓa ganin ta ba.

Mutanen talabijin da silima ba su gamsu ba. Silima hoto 24 take haskawa a daƙiƙa, kuma 44,100 ba ta rabuwa gida 24 ba tare da ɓuntu ba: 1,837 da rabi ake samu. Ita kuwa 48,000 tana ba kowane hoto awo 2,000 a silima, 1,920 a talabijin mai hoto 25, sannan 1,600 a mai hoto 30. Tana kuma da dangantaka mai sauƙi da 32,000 da gidajen rediyon Turai ke aika sauti da ita, da 8,000 ta tarho. Ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES ta fifita ta a shekarun 1980. Akwai kuma siyasar kasuwa: da ƙaramin kaset na DAT ya fito a 1987, injinan farko da aka sayar wa jama'a an hana su ɗauka a 44,100, don kada a riƙa kwafe CD kai tsaye. Daga nan duniya ta rabu gida biyu. Waƙa tana 44,100, hoto yana 48,000.

Duk wanda ya san fim ɗin Hausa ya riga ya hango inda matsalar take, don babu sana'ar da ta auri waƙa da hoto kamar wannan. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 aka fara a kan kaset na VHS. Cikin shekarun 1990 fiyano samfurin Yamaha PSR ya shigo situdiyoyin Kano, irin su Iyan-Tama, ya ture kayan kiɗan gargajiya daga finafinai. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan wannan sauyi. Da Sangaya na kamfanin Sarauniya ya yi tashe a farkon wannan ƙarni, sai ya zama waƙa ce ke sayar da fim, ba labari ba. Tsarin aikin kuwa shi ne, a fara buga waƙar a situdiyo, a kai ta lokeshan, a kunna, jarumai su riƙa bin ta da baki da rawa, sannan mai tacewa ya cire sautin lokeshan ya ɗora na asali. A zamanin kaset, in batirin rediyon da ake kunna waƙar ya fara sanyi, zaren zai rage gudu ba tare da kowa ya lura ba. Jaruma ta bi abin da ta ji. A ɗakin tacewa sai a tarar baiti na farko ya hau, na biyu ya ɗan zame, na uku ya yi nasa wuri. Ina kyautata zaton ba duk yankan da muke gani a waƙoƙin wancan zamani ne gwaninta ba. Wani saurin komawa kan fure ko bishiya ko hoton nesa, ɗinkin ɓaraka ne, kuma masu tacewar sun cancanci yabo a kai.

Da aka koma kyamarorin MiniDV da kwamfuta sai lambobin suka yi taron dangi. Mai kiɗa yana aiki da Cubase ko FruityLoops ko Cool Edit a 44,100. Kyamara tana ɗauka a 48,000, wasu ƙananan kuma daga kamfani a kan 32,000 suke zuwa, sai wanda ya sani ya shiga ya sauya. Faifan VCD da ya cika Kasuwar Ƙofar Wambai 44,100 yake so. DVD da ya biyo bayansa 48,000. Tashoshin tauraron ɗan'adam irin su Arewa24, wadda ta fara a 2014, su ma tsarin talabijin suke bi. Waƙa ɗaya tana iya tsallaka wannan iyaka sau uku kafin ta isa kunnen mai saye.

Tsallakawar kanta ba laifi ba ce in an yi ta bisa ƙa'ida. Manhaja tana iya sake lissafa jerin lambobin, ta fitar da 48,000 daga 44,100, tsawon waƙar da muryar su zauna yadda suke. Ɓarnar tana zuwa ne in ba a lissafa ba, aka karanta kawai da agogon da ba nata ba. Waƙar da aka ɗauka a 44,100 aka karanta a 48,000 za ta ƙara gudu da kashi 8.8 cikin ɗari. Mai minti 5 za ta ƙare a minti 4 da daƙiƙa 36. Muryar za ta hau da kusan maɓalli ɗaya da rabi a kan fiyano, kuma wannan rabin shi ne mugun abu: mai kiɗan da ya zo ƙara wani sauti daga baya zai ɗaga fiyanonsa mataki ɗaya bai dace ba, ya ɗaga biyu bai dace ba, ya fara zargin kunnensa. In akasin haka aka yi, waƙar minti 5 za ta kai minti 5 da daƙiƙa 26, mawaƙi ya koma kamar wanda aka tasa daga barci. Hausa harshe ne mai karin sauti, amma tunda komai tare yake hawa ko sauka, ma'anar kalmomi ba ta ɓacewa. Mutumin ne ke ɓacewa. Kana jin duk abin da aka faɗa, amma ba muryar mai faɗar ba ce.

A gefe guda, mun daɗe muna shan irin wannan ba mu sani ba. Fim ɗin Indiya da aka ɗauka a hoto 24, in aka mayar da shi kaset ko faifai na tsarin PAL, a 25 ake tura shi. Gudun ya ƙaru da kashi 4 da ɗoriya, fim mai awa 3 ya rasa kusan minti 7, muryar Lata Mangeshkar ta ƙara siranta. Wanda ya kalli fim a silimar Plaza ko El Dorado da wanda ya kalle shi a bidiyon gida ba murya ɗaya suka ji ba. Masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa a yau da wannan lissafi suke kwana suke tashi, ko sun san sunansa ko ba su sani ba.

Yanzu mu bi hanyar gabas. A da, kaset ɗin Kano yakan hau mota ya bi ta Maiduguri, Dikwa, Gamboru-Ngala, ya ratsa ƙuryar Kamaru ta Fotokol zuwa Kusiri, ya haye gadar Ngueli ya shiga N'Djamena. Tsohuwar hanya ce. A Kusiri aka gwabza ranar 22 ga Afrilu 1900, inda Rabe da kwamandan Faransa Lamy duk suka mutu, Faransawa suka kafa sansani a ƙetaren kogin Shari suka kira shi Fort-Lamy, sunan da ya zauna har 1973. Hausawa masu tafiya Makka a ƙasa sun yi ta yada zango a nan, wasu zangon ya zame musu gida. Wani masani Ba'amurke, John Works, ya rubuta littafi guda a kansu a 1976. Jikokinsu, da sauran masu jin Hausa na kasuwa, su ne masu sauraren waƙoƙin Kano a birnin da Larabcin Chadi da Faransanci suka fi ƙarfi.

N'Djamena ta daɗe ba ta da wurin ɗaukar waƙa in ban da gidan rediyon gwamnati, wanda aka kafa tun a shekarun 1950. Talabijin ma sai 1987 ta zo. Mawaƙin da ke son faifai sai ya yi ƙaura: Maître Gazonga a Abijan ya ɗauki Les Jaloux Saboteurs a 1984. Abubuwa biyu suka sauya wannan. Na farko buɗe rediyoyi masu zaman kansu, irin su Dja FM ta Zara Yacoub da FM Liberté, a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, waɗanda ke bukatar talla da shirye-shirye kullum. Na biyu arahar kwamfuta da sawun-kad mai shiga ta USB. Da rikicin Boko Haram ya toshe hanyar Gamboru wajen 2014, safarar faifai ta ja baya, amma waya ta riga ta karɓi aikin. Yau mawaƙi a N'Djamena yana iya karɓar kiɗa daga Kano ta WhatsApp, ya ɗora murya, a ɗauki bidiyon da waya, a tura YouTube. Kowace gaɓa a wannan sarƙa da nata agogon.

A nan ne matsala ta biyu ke shigowa, wadda ta fi ta farko wayo, don tana faruwa ko da kowa ya yarda a kan lamba ɗaya. Sawun-kad mai araha, irin Scarlett 2i2 ta Focusrite ko ƙananan Behringer da M-Audio, makirufo biyu take ɗauka. Ga mai waƙar fiyano ya isa, tunda shi kaɗai ne a gaban makirufo. Amma ranar da aka kawo makaɗan kalangu da 'yan amshi, ko masu bege da bandiri, ko baƙi shida za su yi muhawara a shirin rediyo, biyu ba ta isa ba. Dabarar da ke zuwa wa kowa ita ce a aro ta maƙwabci a haɗa. Windows ba ta son haka: tsarin ASIO da kamfanin Steinberg ya fitar a 1997 direba ɗaya yake yarda da shi a lokaci guda. Sai a nemo ASIO4ALL, kyautar wani Bajamushe, wadda ke tattara su a ƙarƙashin suna ɗaya. Kwamfutar Apple kuwa tun 2005 tana da nata ƙofar haɗa na'urori. Allo zai nuna maka layi huɗu, duka a 48,000, komai kamar lafiya.

Amma 48,000 ɗin wannan ba ta wancan ba ce. A cikin kowace sawun-kad akwai ɗan ƙanƙanin kiristal, irin na agogon hannu, shi ke ba da bugun. Kuskurensa akan auna shi da kashi kaza cikin miliyan, kuma kashi 50 ba abin mamaki ba ne a kayan yau da kullum. Zafi ma yana ɗan motsa shi, a garin da watan Afrilu ke haura digiri 40. Kashi 50 cikin miliyan kamar ba komai ba, amma a lissafa. Awo 2.4 ne a kowace daƙiƙa. Bayan daƙiƙa 10 tazarar ta kai awo 24, wato rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kunne ba zai ji wannan a matsayin makara ba, sai dai kalangu ba ya shiga makirufo ɗaya kawai, duk na ɗakin yana shiga. In aka haɗa sautin guda biyu masu wannan tazara, wasu sassansa za su cinye juna, farawa daga mai kaɗawa 1,000 a daƙiƙa, kuma wurin cinyewar yana ta sauka yayin da tazarar ke ƙaruwa. Abin da za ka ji shi ne ganga tana yin rami, tana shuu kamar jirgi na wucewa. In kuma manhaja ta ga lambobin wata na'ura sun taru sun yi yawa ta zubar da ɗaya, ko sun yanke ta cike da banza, sai ka ji ƙas, can an jima wani ƙas. Da yawa sukan ɗora laifin a kan waya ko janareta ko bairos, a sauya wannan a goge wancan, ƙas yana nan.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne doguwar ɗauka, kuma babu doguwar ɗaukar da ta kai tafsirin azumi yawa a ƙasashenmu. Kyamara tana can baya, rikoda ko kwamfuta tana jone da lasifikar masallaci. In ɗaya tana gaba da kashi 50 ɗaya tana baya da 50, a zaman awa 2 tazarar za ta kai daƙiƙa 0.72, wato hoto 18. Alhali ma'aunin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ya nuna mai kallo yana fara tsarguwa in murya ta riga baki da kashi 45 cikin dubu na daƙiƙa, ko ta makara da 125. Shi ya sa za ka ga bidiyo ya fara lafiya, kafin a shafa fatiha malam ya rufe baki alaramma bai gama jin tambayar ba.

Magani shi ne na Kudelski: ba a sarki biyu a gari ɗaya. A zaɓi na'ura ɗaya ta zama liman, a shiga saitin sauran a ce su bar agogonsu na ciki su bi na waje. Manyan na'urori suna da ƙofa ta musamman ta wayar agogo, wadda ma'aikata ke kira wod-kulok. Amma ko babu ita, wayoyin sauti na S/PDIF da AES da ADAT duk suna ɗauke da bugun agogo tare da sautin. ADAT ɗin nan ma tarihi ce: sunan wata rikoda ce ta kamfanin Alesis da ta fito a farkon shekarun 1990, mai ɗaukar layi 8 a kan kaset ɗin S-VHS. Rikodar ta mutu, wayarta ta haske ta rayu, har yau ita ce hanya mafi araha ta ƙara makirufo 8 a kan sawun-kad guda. Inda na'urorin ba su da ko ɗaya daga waɗannan ƙofofi, kamar yawancin masu makirufo biyu, ba za a iya ɗaure su da gaske ba. Abin da ya rage shi ne a sa kwamfuta ta riƙa sake lissafa sautin mamu yana shigowa. Apple tana da ɗan akwatin da ake latsawa don haka. In kuwa rikoda ce da kyamara, a koma wa allo: a tafa a farko, a tafa a ƙarshe, mai tacewa ya ja sautin ya daidaita tsakanin tafi biyu.

A ganina, mai ƙaramar situdiyo da ke tara kuɗin sayen sawun-kad ta biyu da ta uku gara ya haƙura ya sayi guda mai ƙofa 8, ko mai ƙofar ADAT. In ma hakan bai samu ba, tsohuwar mikiza da za ta tattara makirufo shida ta miƙa wa na'ura ɗaya ta fi haɗin gambiza kwanciyar hankali, duk da ba za a iya gyara kowace murya dabam daga baya ba. Haka nan masu alfahari da 96,000 ko 192,000 a ɗakin da ake jin ƙarar babur ta taga, faifai kawai suke cikawa. A 96,000 ma wayar ADAT layi 4 take komawa. Tun ran gini tun ran zane: in aikin zai haɗu da hoto, kuma yau wane aiki ne ba ya haɗuwa da hoto, a fara shi a 48,000 a rubuta a sunan fayil ɗin. Manyan gidajen rediyo sun fara komawa tsarin Dante na wani kamfanin Ostireliya, inda sauti ke bin wayar intanet, na'urorin kuma su zaɓi liman da kansu su bi shi. Ƙa'idar dai ba ta sauya ba.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta fi nauyi a N'Djamena fiye da Kano. A farkon Fabrairun 2008, da 'yan tawaye suka shiga birnin suka yi kwana biyu suna fafatawa da dakarun Idriss Déby, an wawashe gidan rediyon ƙasa aka cinna masa wuta. Taskar sautinsa ta tafi: jawaban zamanin samun 'yancin kai na 1960, da kaɗe-kaɗen gargajiya da aka tattaro daga sassan ƙasar shekara da shekaru, na mutanen da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya saura yana cikin akwatunan mutane, kaset-kaset da wani ya ɗauka daga rediyo, ko aka kwafa a kasuwa daga kwafin kwafi. Wanda zai mayar da su kwamfuta, galibi wani matashi ne mai sawun-kad guda, kuma aikin sau ɗaya ake yin sa, don bayan an samu fayil ba mai sake kula da kaset. Duk gudun da ya karanta da shi, shi ne muryar da jikoki za su ɗauka ta kakansu ce. Haka zancen yake ga kaset ɗin Shata ko Ɗanƙwairo ko na wani malamin zaure da ba a taɓa ɗaukarsa a situdiyo ba.

Ƙungiyar masu taskar sauti ta duniya, IASA, ta ce kada a yi ƙasa da 48,000 da zurfin awo 24 a irin wannan aiki, kuma nan ne 96,000 take da hujja, don masu gyara na gaba su samu wurin motsi. Amma lambar kwamfuta rabin aikin ce. Zaren kaset ya kamata ya yi gudun santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma da wuya ka samu tsohuwar rediyon da ke cika wannan. Wadda ta ɗauka tana da nata kuskuren, wadda ta kwafa da nata, wadda za ta karanta yau da nata. Masu wannan sana'a suna da wata dabara. Rikodar da aka jona da wutar gida takan bar wani siririn gurnani a ƙarƙashin sautin, bugun nan na 50 a daƙiƙa, wanda kowa ke ƙoƙarin gogewa. Kafin a goge shi sai a auna. In manhaja ta nuna 52, an san zaren yana gudu da kashi 4 fiye da kima, a rage har gurnanin ya sauko 50, muryar ta koma mazauninta. Bugun wutar da ya haifi 44,100 shi ne kuma ya zama shaida a kan tsohon kaset.

Dabarar tana da iyaka a ƙasashenmu. In da janareta aka yi ɗaukar, gurnanin zai bi numfashin injin ne, ya hau in an kashe firji, ya sauka in an kunna. Kaset ɗin da aka ɗauka da batir a filin biki kuwa ba shi da gurnanin sam. A nan sai a ɗauki kwamfutar a kai ta zauren tsofaffin da suka san mawaƙin yana raye, a kunna musu, a riƙa ƙara gudu ana ragewa kaɗan-kaɗan, har ɗaya daga cikinsu ya ɗaga hannu ya ce a tsaya nan.